Saint-Denis: a sake gina hasumiyar sarakuna, ko a fara da gidajen talakawa?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar garin da nake zaune na kawo muku, domin gardama ake ta yi a kanta a nan, kuma na san a cikinmu akwai malaman tarihi da magina. Garin shi ne Saint-Denis, yana manne da Paris ta arewa, metro layi na 13 ke kai mutum har ƙofar babbar majami'arsa. Yawancinmu da filin ƙwallo muka san shi. Amma abin da ya kafa garin majami'ar nan ce, inda aka binne sarakunan Faransa sama da 40, ban da matansu da 'ya'yansu. Daga ƙarni na 10 zuwa juyin juya halin 1789, sarakuna uku kacal ne ba a kai gawarsu can ba.

Da can hasumiya biyu gare ta a gaba. Ta arewa ce doguwar, kusan mita 90. Tsawa ta faɗa mata a 1837, aka gyara, guguwa ta sake girgiza ta a 1845, sai aka sauke ta dutse bayan dutse da niyyar a mayar. Shiru kake ji, har shekara kusan 180. A watan Maris na 2025 ne aka aza dutsen farko na sake gina ta, kuma da hannu ake aikin, masassaƙan dutse da maƙera suna yi jama'a na kallo.

Ni dai ina goyon baya. Duk wanda ya ji sunan garin nan a labarai, sata ce ko faɗa da 'yan sanda. Ina so yaron da aka haifa a nan ya ɗaga kai ya ga abin da duniya za ta zo kallo a garinsu. Me kuka gani?

Maman Nana:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka ɗaga kai ka kalli hasumiya, sunkuyar da shi ka shiga lungunan da ke bayan titin République, taku kaɗan daga majami'ar. Na taɓa raka wata baiwar Allah 'yar Mali ɗakinta a can. Ita da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya, bango ya yi baƙi da danshi, wayoyin lantarki a waje kamar saƙar gizo, matakalar katako tana motsi in ka taka. Ƙaramin yaronta kullum cikin tari. Mai gidan kuwa duk wata sai ya karɓi haya da hannu, ba rasit, don ya san ba ta da takardun da za ta kai ƙara. Irin waɗannan gidaje sun sha kamawa da wuta a tsakiyar garin nan, an rasa rayuka.

Jiharmu ta Seine-Saint-Denis, wadda ake kira 93, ita ce ta fi kowace talauci a Faransa in ka cire yankunanta na ƙetare. A 2018 majalisar dokokinsu da kanta ta fitar da rahoto cewa gwamnati ta gaza mana a makarantu da tsaro da shari'a. Malami ya yi rashin lafiya, aji ya zauna makonni ba wanda zai maye gurbinsa. A haka ne za a kwashi miliyoyin Yuro a ɗora dutse kan dutse saboda matattu?

Abba Fagge:
Ku dakata, Saint-Denis ɗin nan ita ce inda Denmark ta yi mana ci 4 da 1? Wallahi har yau abin na ci min rai. Ranar 28 ga Yuni 1998, zagaye na biyu na gasar cin kofin duniya. Mun doke Sifaniya 3 da 2, mun doke Bulgeriya, kowa a Kano lissafin karawa da Brazil yake yi. Kafin minti 15 an zura mana biyu. Ebbe Sand ya shigo daga benci, daƙiƙa 16 kacal ya ƙara ta uku. Tijjani Babangida ne ya share mana hawaye da ɗaya tilo.

Ɗan Damagaram:
Ita ce, Abba. An buɗe filin, wato Stade de France, ranar 28 ga Janairu 1998, Zidane ya ci ƙwallon farko a ragar Sifaniya, kuma a nan Faransa ta lallasa Brazil 3 da nema ranar 12 ga Yuli. Yana ɗaukar mutum wajen 80,000. Kafin nan wurin tsohuwar masana'antar iskar gas ce da ta mutu, ƙasar ma ta gurɓace. Kuma filin nan hujja ce a gare ni, Hajiya. Lokacin da za a gina shi, hukumar garin ta kafa sharaɗi: a rufe saman babbar hanyar A1 da ta tsaga unguwar La Plaine gida biyu tun shekarun 1960, a kawo tashoshin jirgi. Aka yi. Yau lambu ne a saman hanyar, yara na wasa. Babban aiki shi ke jawo ƙananan.

Maman Nana:
Ya jawo ofisoshi, ban musa ba. Hedikwatar kamfanin jiragen ƙasa na Faransa ma tana La Plaine. Amma je ka tsaya a tasha da ƙarfe takwas na safe. Masu kwat su sauko daga Paris su shige ofis, da yamma su koma. Mutanenmu kuma su ne suka shiga da asuba suka share ofisoshin suka fita kafin masu su su iso. Su ne masu gadi a bakin ƙofa. Ba raina sana'a nake ba, da ita muke ci. Amma kada a ce mini arzikin ya shiga gidajenmu.

Malam Na-Zariya:
Salamu alaikum. Hajiya, maganarki tana da nauyi, zan dawo kanta. Amma bari in ɗan shimfiɗa tarihin, domin wanda zai yanke hukunci a kan gini ya kamata ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Sunan garin na Denis ne, wanda Kiristoci ke ɗauka a matsayin bishop na farko na Paris. Rumawa suka fille masa kai wajen shekara ta 250. A ruwayarsu, ya ɗauki kansa a hannu ya taka daga tudun Montmartre har zuwa wurin nan ya faɗi, shi ya sa za ka ga mutum-mutuminsa riƙe da kai. Kabarinsa ya zama wurin ziyara, manya suka riƙa son a binne su kusa da shi. A 1959 masu haƙa suka tono kabarin wata sarauniya ta ƙarni na 6, Arégonde, suka gane ta da zoben da ke ɗauke da sunanta. Sarki Dagobert an binne shi a nan a 639.

Akwai mutum biyu a makabartar da tarihinsu ya haɗu da na Musulmi kai tsaye. Na farko Charles Martel, wanda ya tare rundunar Abdurrahman al-Ghafiƙi ta Andalus kusa da Poitiers a 732, yaƙin da marubutan Larabawa ke kira Balaɗus Shuhada. Ya mutu a 741, nan aka sa shi. Na biyu Louis na 9, wanda ya kai yaƙi Masar aka kama shi a 1250 sai da aka biya fansa, ya sake fita ya mutu a bakin Tunis a 1270, aka ɗauko ƙasusuwansa zuwa Saint-Denis. Shi ne ma ya sa aka sassaƙa wa magabatansa 16 siffofinsu a kwance a kan kaburbura, don ya nuna sarautar gidansu sarƙa ce da ba ta yanke ba.

Ga kuma ɗaya fuskar. A taskar wannan majami'a akwai wata buta ta dutse mai sheƙi kamar gilashi, aikin masassaƙan Masar na zamanin Faɗimiyawa, yanzu tana gidan tarihi na Louvre. Akwai wani tulu irinta da wani sarkin Musulmi na Andalus ya ba kakan sarauniya Aliénor, ita ta ba mijinta Louis na 7, shi kuma ya ba shugaban majami'ar. Yaƙi ya bi ta wurin nan, kyauta da ciniki ma sun bi.

Abba Fagge:
Allah ya gafarta Malam, to yanzu gawarwakin suna nan a ciki?

Malam Na-Zariya:
A'a, kaburburan fanko ne. A watan Oktoba na 1793 'yan juyin juya hali suka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, suka zuba gawarwakin a manyan ramuka biyu a gefen ginin, suka bi da farar ƙasa. Dalmar akwatunan aka narkar don yin harsashi. Har sunan garin suka canja zuwa Franciade, sai a 1800 ya dawo. Wani mai suna Alexandre Lenoir ne ya tserar da siffofin dutsen zuwa Paris, shi ya sa suka tsira. Da sarauta ta dawo, Louis na 18 ya sa aka kawo gawar yayansa Louis na 16 da Marie-Antoinette a 1815, a 1817 kuma aka tone ramukan nan. Ƙasusuwa sun cakuɗe, ba a san na wane da wane ba, sai aka tara su a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, aka rubuta sunayen a allunan marmara. Shi kansa Louis na 18 shi ne sarki na ƙarshe da aka binne a can, a 1824.

Ɗan Damagaram:
Ɗakin nan na shiga, Malam. Ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa jerawa, sunaye ne kawai a jere daga sama har ƙasa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai kabarin Louis na 12 ne da matarsa Anne. A sama an sassaƙa su a durƙushe cikin alkyabbar sarauta suna addu'a. A ƙasa kuwa, in ka leƙa tsakanin ginshiƙai, ga su kwance ba sutura, kai ya karkata baya, baki a buɗe, har ɗinkin da aka yi wa cikinsu bayan an cire hanji an fito da shi a jikin marmara. Sarki ne aka nuna wa duniya a haka. Na tsaya ina ta maimaita kullu nafsin za'iƙatul maut.

Yaya Talatu Jos:
Sannunku. Ni Kirista ce, kuma ina so in tuna wa zaure cewa wurin nan ba gidan kallo kaɗai ba ne, ana sujada a cikinsa har gobe, tun 1966 ma shi ne mazaunin bishop na jihar. 'Yar'uwata da ke zuwa can ta ce ranar Lahadi in ka duba kujeru, 'yan Kongo ne da Kamaru da Kodebuwa da mutanen Antilles da 'yan Sri Lanka suka cika su. Don haka in an ce ginin na matattun Turawa ne, ba a faɗi gaskiya duka ba. Talakawan da Maman Nana ke magana a kansu, da yawansu a nan suke yi wa 'ya'yansu baftisma.

Maman Nana:
Yaya Talatu, wallahi ba ibadar kowa nake taɓawa ba. Maƙwabciyata 'yar Kamaru can take zuwa, ranar Sallah tare muke cin nama. In rufin ginin ke yoyo, ni ce ta farko da zan ce a gyara. Hasumiyar da ba wanda ke raye ya taɓa gani ce ban ga gaggawarta ba.

Injiniya Bature:
Hajiya, abin mamaki, akwai manyan masana a bayanki, ko da yake dalilinsu daban. A 2021 masana tarihi da na gine-gine masu yawa suka sa hannu a takarda suna adawa da aikin. Hujjarsu: don ginin ya ɗauki nauyin sabuwar hasumiya sai an ƙarfafa gindinsa, kuma gindin nan cike yake da tsofaffin kaburbura. Sannan duwatsun asali kaɗan ne suka rage, abin da za a samu sabon gini ne mai kama da tsoho. Masu goyon baya suka ce kafin a sauke ta an zana ta dalla-dalla, zanen yana nan, ba ƙirƙira za a yi ba.

Amma bari in faɗi dalilin da ya sa duk ɗalibin zanen gini a duniya ya san sunan garin nan. Suger, wanda ya shugabanci majami'ar daga 1122 zuwa 1151, mashawarcin sarakuna biyu ne, har riƙon ƙasa ya yi lokacin da Louis na 7 ya tafi yaƙi. Kafin shi coci-cocin Turai bango ne mai kauri da ƙananan tagogi, ciki duhu, domin bango ne ke ɗauke da rufin dutse. Maginansa suka haɗa dabaru biyu: baka mai tsini a sama, da haƙarƙarin dutse masu gittawa a ƙarƙashin rufi, waɗanda ke tattara nauyi su sauke shi a kan siraran ginshiƙai. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ga ɗaurin gugan Babban Gwani, ya riga ya fahimci dabarar: baka ke ɗaukar kaya, ba bango ba. Da bango ya huta da kaya, sai aka fasa shi aka sa gilashi mai launi. Ranar 11 ga Yuni 1144 aka keɓe sashen gabas na ginin, a gaban sarki da bishop-bishop na ƙasar. Suka koma garuruwansu kowa na son irinsa. Salon da ake kira Gotik ke nan, daga nan ya bazu, Notre-Dame ta Paris ma sai a 1163 aka fara ta.

Ni ra'ayina, darajar wurin tana wannan sashe na gabas, ba a hasumiya ba. Amma ina son aikin saboda abu guda: sana'a. Sassaƙar dutse da hannu tana mutuwa in ba a yin ta. In za a ɗauki yaran garin a koya musu, kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba.

Malam Na-Zariya:
Injiniya, ƙari kaɗan. Baka mai tsinin nan ta girmi Suger da ɗaruruwan shekaru. Tana masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879. Masana da dama na ganin ta Sisiliya da kudancin Italiya ta shiga Turai.

Injiniya Bature:
Haka ne Malam, ba Faransawa suka ƙago ta ba. Nasu shi ne haɗa ta da haƙarƙarin rufi har bango ya koma taga. Kowa da abin da ya ƙara.

Sadik 93:
Iyayena ku yi haƙuri, tun ɗazu sarakuna da duwatsu kawai nake ji. Ni a nan aka haife ni, Hausa a bakin mahaifiyata na koya. In ka tambayi sa'o'ina wa ya ɗaga sunan Saint-Denis, ba wanda zai ce Suger. NTM za su ce, ƙungiyar mawaƙa JoeyStarr da Kool Shen. Ɗaya iyayensa daga Martinique, ɗaya jinin Fotugal, a unguwannin nan suka tashi, suka fara da rawa da rubutu a jikin jirage kafin su kama makirfo. Faifansu na farko ya fito a 1991. Su ne suka sa gambarar zamani ta Faransa ta yi magana da harshen unguwa, suka faɗi yadda 'yan sanda ke tare yaro su bincike shi don launin fatarsa kawai. A 1996 har kotu ta yanke musu hukunci a Toulon saboda kalamansu a kan 'yan sanda. Kafin su, faɗin cewa daga 93 kake abin kunya ne. Bayansu yara suka fara rubuta lambar a riga.

Sai Grand Corps Malade. A nan ya girma, ɗan wasan kwando ne, a 1997 ya yi tsalle cikin wurin ninƙaya da ruwansa bai kai ba, ya karye a wuya, likitoci suka ce da wuya ya sake takawa. Ya taka, da sanda. Ya koma yin waƙe ba kiɗa mai yawa, murya kawai. A faifansa na 2006 akwai waƙa sukutum a kan garin nan, yana zagaya da mai sauraro titi-titi har cikin kasuwa. Malamarmu ta sa mun haddace ta a aji.

Malam Na-Zariya:
Ɗana Sadik, na biyun na karɓa hannu biyu. Na farkon kuwa, sunan ƙungiyar tasu ma ashar ne da ba zan iya rubutawa a zaure ba, kuma shi JoeyStarr kotu ta sha kama shi da laifin duka. Gaskiyar da suka faɗa a kan zalunci gaskiya ce, amma ba zan miƙa wa yaro su a matsayin abin koyi ba.

Sadik 93:
Baba, ban ce a yi koyi da halinsa ba. Amma sarakunan da ke kwance a majami'ar nan, nawa ne hannunsu ba jini? Duk da haka ana biyan kuɗi a shiga kallonsu. In za a ba da tarihin gari a ba da shi duka.

Malam Na-Zariya:
Wannan magana taka daidai ce. To bari mu cika ta, domin tsakanin sarakuna da mawaƙanka akwai shekara 150 na leburori. An buɗe hanyar ruwa ta Saint-Denis a 1821, jirgin ƙasa ya biyo baya, filin La Plaine ya cika da masana'antu: Pleyel masu ƙera piyano, Christofle masu kayan azurfa, Hotchkiss masu bindigogi da motoci, ga rini ga sinadarai. Mutanen Bretagne suka fara zuwa neman aiki, sai 'yan Italiya, sai 'yan Sifaniya har unguwarsu ta samu suna Ƙaramar Sifaniya, sai 'yan Aljeriya, sai 'yan Fotugal da suka zauna a bukkokin kwano da katako a Franc-Moisin har farkon shekarun 1970, sannan 'yan Mali da Senegal. Kowane ayari an ce masa baƙo ne mai ɓata gari, kafin ya zama ɗan gari.

Garin makabartar sarakuna sai ya zama jan gari, na 'yan gurguzu, suka riƙe kujerar magajin gari tun bayan yaƙin duniya na biyu har 2020. Pierre De Geyter, leburan da ya tsara kiɗan taken ma'aikata na duniya, a nan ya mutu a 1932. Jaridarsu L'Humanité ta sa Oscar Niemeyer, wanda ya zana manyan gine-ginen Brasilia, ya yi mata hedikwata a gefen majami'ar a 1989. Tarihin yana da tabo kuma: Jacques Doriot, magajin garin a shekarun 1930, daga gurguzu ya juya ya zama ɗan koren Hitler, har kakin sojan Jamus ya sa.

A daidai lokacin da Doriot ke wannan, wani ɗan garin yana ɗaya ɓangaren. Paul Éluard, an haife shi a Saint-Denis a 1895, abokin Picasso ne, yana cikin manyan mawaƙan Faransa na ƙarni na 20. A 1942, Jamus na mamaye da ƙasar, ya rubuta waƙarsa a kan 'yanci, aka riƙa yaɗa ta a ɓoye, jiragen Birtaniya suka watso kwafinta daga sama. Gidan tarihin garin sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

Ɗan Damagaram:
Gidan tarihin nan mutane ba su san shi ba, alhali tafiyar minti kaɗan ce daga majami'a. Tsohon gidan mata masu zuhudu ne, inda Louise, 'yar Sarki Louis na 15, ta bar fada ta shiga a 1770 har ta mutu. Ƙananan ɗakunansu suna nan, da kalaman wa'azi a rubuce a bango. A sama kuma kayan boren Paris na 1871 ne, tutoci da hotuna da takardu. 'Yar sarki a ƙasa, 'yan tawaye a sama, rufi ɗaya.

Sadik, ka manta bakin ruwa. Tun 2016 aka ba masu zane bangaye da ƙafafun gadoji daga Stade de France har zuwa La Villette a cikin Paris, kana tafe kana kallo kyauta. Ga bikin Africolor da aka fara a 1989 a gidan wasan Gérard-Philipe, inda 'yan Mali suka riƙa kwana suna kiɗa a daren Kirsimeti.

Abba Fagge:
To ni tambayata, lafiya lau mutum zai je? A 2022 mun ga abin da aka yi wa magoya bayan Liverpool a wasan ƙarshe da Real Madrid, ga kuma bama-baman 2015.

Maman Nana:
Abba, ɓarayin waya suna nan, musamman bakin tasha, ka riƙe kayanka. A 2022 ɓata-gari sun yi wa mutane ƙwace, ba ƙarya ba ne, amma binciken majalisar dattawan Faransa ya ɗora babban laifin a kan rashin tsari, ba a kan magoya baya ba. Na 2015 kuwa mu aka cuta. Ranar 13 ga Nuwamba 'yan ta'adda suka tayar da bam a wajen filin, Faransa na wasa da Jamus, suka kashe wani bawan Allah. Ranar 18 ga wata 'yan sanda suka yi dirar mikiya a wani gida a tsakiyar gari inda jagoransu ya ɓuya. Na ji harbin daga ɗakina tun kafin asuba, na rungume yara muka kwanta a ƙasa. Gidan ya lalace, iyalan da ke haya a ciki, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka daɗe suna gararamba kafin a sake musu matsuguni. Irinsu nake tunawa in an ce hasumiya.

Amma ka zo ranar Talata, Juma'a ko Lahadi ka ga kasuwa. Kuɓewa, gauta, busasshen kifi, manja, garin rogo, atamfa, ga na'ana'a ɗauri-ɗauri a hannun 'yan Maroko. Ba abin da na nema na miya na rasa, sai dai daddawa mai kyau, ita kam daga gida ake aiko mini.

Malam Na-Zariya:
Kasuwar nan ma gado ce, Hajiya. A tsakiyar zamani ana cin wata babbar kasuwa ta shekara-shekara a filin da ke tsakanin garin da Paris, Lendit, a watan Yuni. Fatake daga ƙasashen Turai suke zuwa, shugaban jami'ar Paris da kansa yake fitowa da ayarin ɗalibai su sayi fatar rubutu ta shekara. Yau kuma jami'ar ce ta tare a garin, Paris 8, tun 1980.

Ɗan Damagaram:
A can na yi karatu. Hajiya, ga abin da nake so ki duba. Wasannin Olamfik na 2024 sun bar mana wurin ninƙaya na zamani daura da filin ƙwallo, a jihar da yara da yawa ke gama firamare ba su iya ruwa ba. Layin metro na 14 ya iso unguwar Pleyel. Ƙauyen 'yan wasa ana mayar da shi gidaje da ofisoshi. Tun 1 ga Janairu 2025 an haɗe mu da maƙwabcin garinmu Pierrefitte, mun kusa mutum 150,000. Gari mai wannan girma ya cancanci baƙo ya kwana a cikinsa, ya ci abinci, ya yi sayayya, ba ya kalli ƙwallo ya ruga Paris ba. Kuma kuɗin hasumiyar, kaso mai tsoka daga asusun haɗin gwiwar jihohin yankin Paris ya fito, da gudummawar masu hannu da shuni. In an fasa aikin ba gidan 'yar Malin nan za a kai su ba.

Maman Nana:
Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sababbin gidajen nan na ƙauyen 'yan wasa, je ka tambayi kuɗinsu ka dawo ka gaya mini ko mai shara zai iya saya. Tsorona kada a gyara gari, haya ta hau, a tura mu can gaba inda jirgi ba ya zuwa, waɗansu su zo su zauna a inuwar hasumiyar. Kuma in har jihohin nan za su iya haɗa kuɗi don dutse, za su iya haɗawa don rufin ɗaki. Niyya ce babu.

Ga sharaɗina, irin wanda ka ce an kafa lokacin filin ƙwallo. A faɗa mana yaran garin nawa aka ɗauka koyon sassaƙa da ƙira, a kafe sunayen unguwanninsu a ƙofar wurin aikin. Kowane aji na makarantun 93 a kai shi ya gani kyauta. Duk shekarar da hasumiya ta ƙaru da tsawo, hukuma ta fito ta ce ga gidaje kaza da muka ƙwace daga hannun azzaluman masu haya muka gyara. In an yi haka, ni da kaina zan kai Nana ta ga an ɗora dutsen ƙarshe.

Injiniya Bature:
Sharaɗi na farko shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi amfani. Yaron da ya iya fere dutse ya daidaita shi da ma'auni ba zai rasa aiki ba a ƙasar da ke da dubban tsofaffin gine-gine. Gyaran Notre-Dame bayan gobarar 2019 ya nuna irin neman da ake yi wa masu wannan hannu.

Sadik 93:
Inna, akwai taron unguwa da hukumar gari ke kira, yawanci tsofaffin Turawa ne kaɗai ke zuwa, mu sai ƙorafi a waya. In za ki je ki faɗi sharuɗɗan nan a gabansu, zan zo da abokaina mu cika kujeru. Kawu Ɗan Damagaram, kai ma ka zo, tunda kai ne mai son hasumiya, ka fi mu bakin tambayarsu yara nawa suka ɗauka.

Ɗan Damagaram:
Zan zo, in sha Allahu. Hajiya, ki rubuto sharuɗɗan uku yadda kika faɗe su, ni zan sa su cikin Faransanci in buga a takarda. Sadik, kai kuma ka nemo mana ranar taron da wurin da za a yi shi, ka sanya a nan.